Ya Kawo Mini Sabon Tablet, Yana Neman Tsohuwar Laftof Ɗina

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gida. Admin don girman Allah a ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, musamman waɗanda suka san harkar kwamfuta da kuma waɗanda suka daɗe a gidan aure, domin matsalar tawa ta haɗa biyun ne, ni kuma na kasa raba su.

Ni matar aure ce, shekarata tara a ɗakina, 'ya'yanmu uku, muna zaune a cikin gari wajen Kabara, a sashen da aka yanka wa maigidana a gidansu na gado. Shi ɗan kasuwa ne, shadda da yadi yake sayarwa. Ni kuma sana'ata zanen aikin riga, irin aikin wuya da na aljihu da na babbar riga da injin kwamfuta yake ɗinkawa. Ga wanda bai san yadda abin yake ba, injin nan ba ya gane hoto, sai an zauna an tsara masa hanyar da allura za ta bi, inda za ta fara, inda za ta cike, inda za ta yanke zare ta canza kala, sannan a fitar masa da fayil a sa a filashi a soka masa. To wannan zaman shi nake yi. Teloli su turo mini abin da suke so ta waya, in tsara in tura musu, ban taɓa taka ko ƙofar gida saboda aikin nan ba.

Abin da ya sa aikina ya ɗan samu karɓuwa ba wai na fi kowa iya kwamfuta ba ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, maɗinkin hannu ne a Madabo, tun ina ƙarama nake zama kusa da shi ina kallon yadda yake zana aska takwas da aska biyu a kan yadi da tawada kafin ya sa allura. Da ya rasu ya bar akwatin ƙarfe cike da takardun zane, wasu nasa ne, wasu na kakanmu, wasu gara ta ci gefensu, wasu ruwa ya taɓa su tawadar ta baje. Da na koyi wannan aiki wurin wata malama, sai na dinga ɗaukar takardun nan ɗaya bayan ɗaya ina mayar da su cikin laftof, ina cike inda ya ɓace da abin da na tuna na hannun Baba. Shi ya sa idan tela yana son aikin da in an gani za a ɗauka na hannu ne, irin na mutanen da, wurina yake nema. Duk wannan yana cikin laftof ɗaya, tsohuwa, ta hannu na saye ta da kaina, murfinta ya tsage na ɗaure da salatif, batirinta ya mutu, da an ɗauke wuta take mutuwa ko da ina tsakiyar aiki, ga ƙara kamar injin niƙa. Ban ɓoye aibinta ba, ni ma na sha yi mata tsaki.

Maigidana a farko shi ne mai ƙarfafa mini gwiwa, har yakan nuna wa mutane a shago aikin rigarsa ya ce daga gidansa ya fito. Sai daga baya ya fara ƙorafin kiran waya, wai teloli ba su san lokaci ba, na ga yana da gaskiya, na hana kira gaba ɗaya, na ce saƙo kawai. Aka zauna lafiya. Sai wata rana wani tela da ya ƙagu ya zo har ƙofar gida, ya tarar da maigidana a majalisarsu da abokansa, ya yi sallama ya ce yana neman gidan Hajiya mai zane. Aka ce abokan suka yi ta tsokanarsa, wai yanzu da sunan matarsa ake kwatancen gidan ubansa. Da ya shigo bai yi mini faɗa ba, labarin ma da dariya ya ba ni, amma na san mijina, dariyar ba ta kai ciki ba. Na ba shi haƙuri, na kuma ja wa telan kunne. Tun ranar bai sake tayar da maganar ba, bai kuma sake yabon aikina ba.

Sati uku da suka wuce ya dawo daga kasuwa da leda a hannu, ya miƙa mini ya ce in buɗe. Tablet ne sabo dal a kwalinsa, babba, da alƙalaminsa na zane da ɗan kibod da ake manna masa. Wallahi na yi murna har da hawaye, domin maigidana mutum ne mai sauke nauyin gidansa, ba ma rasa ci ba ma rasa sutura, amma ba mai kyautar ba-zata ba ne, a shekara tara ban taɓa ganin irin wannan daga gare shi ba. Ya ce ya gaji da ganin ina fama da waccan gwangwanin, yanzu duniya ta ci gaba, manyan masu zane duk sun bar laftof sun koma wannan, duk abin da take yi zai yi har ya fi. Na yi godiya na yi addu'a. Ina cikin jujjuya abin a hannuna sai ya ƙara da cewa in haɗa masa tsohuwar da cajarta, amininsa, bari in kira shi Alhaji Tijjani, yana neman wadda za a dinga rubuta rasit da ita a shagonsa, shi kuma ya riga ya ce masa akwai wata a gida da ba a bukata. A lokacin ban kawo komai a raina ba, na ce to, ya ba ni kwana biyu in kwashe kayana in saba da sabon.

Zan faɗi gaskiya a kan tablet ɗin nan, don kada a ce son rai ne ya sa nake kushe shi. Abu ne mai daɗi. Caji ɗaya yana kai ni yini guda, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba babu ruwana. Ina iya ɗaukarsa in zauna a tsakar gida ina lura da girki ina zane. Alƙalamin nan kuwa, ranar da na fara ja da shi sai da jikina ya yi sanyi, domin layin yana bin hannu kamar tawada a kan yadi, abin da linzamin kwamfuta bai taɓa ba ni ba. Amsa saƙon teloli, tura hoto, nuna kala, duk ya fi sauƙi. A kwana ukun farko na ce lallai mijina ya yi gaskiya, ni ce na tsaya a baya.

Matsalar ta fito ne da na zo ainihin aikin. Manhajar da nake tsara hanyar allura da ita ba ta shiga tablet, na nema na gaji, babu ita. Na samu wasu ƙanana, wata sai dai ta buɗe fayil ka kalla, ba ka iya gyara komai, wata kuma ta ce ka ba ta hoto ita za ta mayar da shi ɗinki da kanta. Na gwada wannan da wani aikin wuya mai sauƙi, a fuskar tablet ya fito tsaf, na tura wa wani dattijon tela da ya san Baba tun suna samari. Shi kuma saboda yarda da ya yi da ni bai gwada a ƙyalle ba, ya ɗora kai tsaye a kan farar shaddar mutane. Zare ya cukurkuɗe ta ƙasa, allura ta karye, wuyan rigar ya tattare. Ya turo mini hoton, sannan ya turo murya, bai zage ni ba, cewa kawai ya yi:

"'Yar Malam, wannan ba hannunki ba ne. In ba ki da lafiya ki faɗa mini, sai in jira."

Kunya ta kama ni kamar in nitse. Ranar na jawo tsohuwar laftof ɗina na jira aka kawo wuta, na sake aikin daga farko, ya fita yadda ya kamata. Daga nan na koma yin zanen farko a tablet, in tura shi laftof in ƙarasa, sai na ga ai haɗin nan ya fi komai daɗi, aikin da nake yi a yini biyu ya dawo yini ɗaya.

Na samu maigidana da wannan bayani cikin murna, na ce masa kyautarsa ta yi mini rana, amma su biyun tafiya suke tare, ɗaya ba ya maye ɗaya, don haka ya ba Alhaji Tijjani haƙuri. Sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce ban dai iya ba ne, kowane sabon abu sai an yi haƙuri da shi, shi an tabbatar masa babu abin da tablet ba ya yi. Na tambaye shi wa ya tabbatar masa, ya ce waɗanda suka sani. Na nuna masa hoton shaddar da ta lalace, ya kalla sama-sama ya ce kuskure ai kowa yana yi, kuma ko da aikin ya ɗan ragu ai ba wani abu ba ne, dama na fiye takura wa kaina, yara ma suna bukatata. Wannan kalma ta ƙarshe ita ta fara tsaya mini a rai. Na kwana biyu ina tunanin ko dai kyautar nan hanya ce ta raba ni da sana'ata cikin ruwan sanyi, tunda ya san in ya ce in daina kai tsaye za a yi ta magana, har iyaye su shigo, amma in ya ba ni abin da ya fi tsada ya karɓe wanda ke aikin, ai babu mai cewa ya zalunce ni, sai ma a ce na yi dacen miji.

Ina cikin wannan zargi sai wani ya taso ya danne shi. Da ya sake tuna mini maganar laftof, na ce masa to ko zan bayar sai na samu lokaci na goge abubuwana tukuna. Ya ce kada in wahalar da kaina, in bar ta yadda take, Alhaji Tijjani yana da injiniyan da zai wanke ta tas. Na ce ai gogewa ba wahala ba ce, ya ce shi dai an ce a kawo ta haka, kada in taɓa wani abu in lalata. Na ce a raina, mai son rubuta rasit me ya dame shi da abin da ke ciki, kuma mutumin da yake da shago biyu me zai yi da laftof mai salatif wadda ba ta minti ɗaya babu wuta, alhali in ya ga dama yau zai sayi sabuwa?

Amsar ta same ni a gidan suna a Shahuci, ba tare da na nema ba. Na haɗu da matar Alhaji Tijjani, mace ce mai faran-faran, ba ta iya riƙe magana, kuma na tabbata ba ta san akwai abin ɓoyewa ba. Muna gaisawa ta ce in taya su addu'a, Alhaji ya sayo injin aikin kwamfuta mai kai huɗu, wanda yake aikin riga huɗu lokaci guda, an riga an kafa shi a sabon shago, har ya ɗauko wanda zai dinga tuƙa shi, abin da ya rage kawai laftof ɗin da za a kawo daga gidanmu, ya ce da ta iso an gama. Sannan ta tambaye ni ko na ji daɗin tablet ɗin, wai Alhaji da kansa ya je kasuwar waya ya zaɓo, har ya kawo gida ta gani kafin a ba maigidana, ita ce ma tun kafin ya je ta ce a ɗauki mai ruwan toka. Na yi murmushi na ce na ji daɗi ƙwarai, Allah ya sa albarka a injin. Abincin sunan nan ban iya ci ba, na ce kaina ke ciwo na taho gida.

Kun ga inda na tsinci kaina. Kyautar da na yi wa hawaye ashe ba daga hannun mijina ta fara ba, ban ma san ko kuɗinsa ne ko na amininsa ba. Shagon rasit ya zama shagon ɗinki. Abin da ban sani ba shi ne matsayin maigidana a ciki. Ko dai ya san komai, sun shirya ne, watakila ma yana da kaso a injin, ya samu biyan bukata biyu, aikin Baba ya koma shagonsu, ni kuma in zauna ba mai sake kwatancen gida da sunana. Ko kuma shi ma rufe shi aka yi, domin gaskiya maigidana bai san komai a kwamfuta ba, wayarsa ma ni nake saita masa, in Alhaji Tijjani ya ce masa tablet ya fi, kuma ya ce ga shi ka kai wa iyali ka karɓo mini tsohuwar, zai ɗauka alheri aka yi masa. Kuma ku sani amincinsu ba na yau ba ne, tare suka yi makarantar allo, lokacin da mahaifin maigidana ya kwanta jinya Alhaji Tijjani ne ya tsaya masa a shago wata da watanni bai karɓi komai ba. Mutum ne da in ka taɓa shi a gaban mijina kamar ka taɓa ɗan uwansa na ciki ɗaya.

Don in tabbatar ba shaiɗan ne ke raya mini ba, na kira malamar da ta koya mini aikin, ban gaya mata rikicin ba, tambaya kawai na yi mata kamar ta ɗaliba. Ta ce ga mai karatu da rubutu da kallo da zanen hannu, tablet yana iya isarsa har ya manta da laftof, ita ma ƙanwarta da shi kaɗai take koyarwa a makaranta. Amma ga irin aikinmu, a iya saninta, mataimaki ne, ba a sakin laftof saboda shi. Da na ce mata ina tunanin bayar da tawa, sai ta ce in yi hankali, manhajar da ke ciki da saitin da na tara na kowane irin yadi sun fi ita laftof ɗin daraja nesa ba kusa ba, ballantana zanen. Ta ce ko na goge, wanda ya san aiki yana iya dawo da abu da yawa, in dole sai na bayar to in sa a cire ma'ajiyar cikinta, wato inda fayiloli suke zama, gaba ɗaya a sa wata, in miƙa musu gangar jikin.

Daga nan na tafi Madabo wurin Innata, ita na buɗe wa cikina duka. Na ɗauka za ta ce in yi haƙuri in bi mijina kamar yadda ta saba, sai ta ja carbinta, sannan ta ce:

"Ƙarfen naki ne, in kin ga dama ki ba shi, miji ya fi ƙarfe. Amma abin da ke ciki ba naki ba ne ke kaɗai. Ku shida Malam ya bari."

Ta ce ba ta yarda aikin mijinta ya koma shagon wani ana buga shi kamar kwafin jarida ba tare da an zo an yi sallama an nema ba, ta kuma ce kada in kuskura in zargi mijina a fuskarsa da abin da ban tabbatar ba, domin irin wannan kalma in ta fita ba ta komawa. Wato ta ɗaure ni ta gaba ta ɗaure ni ta baya.

A nan ne na yi abin da yake damuna, wanda shi ya sa na ce a ɓoye sunana. Washegari na naɗe laftof ɗin a zani, na sa a ƙarƙashin hijabi na kai ta ɗakin Inna na ajiye. Da maigidana ya tambaya na ce masa cajar ce ta ƙone, na bayar a duba. Ƙarya ce, cajar lafiyarta ƙalau. A zamanmu mun yi saɓani iri-iri amma ban taɓa shirya masa ƙarya na zauna a kanta ba sai wannan karon, kuma da ya ce Allah ya sa a samu gyara sai na ji kamar na ci amanarsa, alhali ni nake zargin ana cin tawa. Yanzu kullum sai na ƙirƙiri dalilin zuwa gidanmu in yi aikin mutane a can in dawo.

Shekaranjiya bayan magariba na ga abin ba zai ci gaba haka ba, na yanke shawarar in gwada shi ba tare da na zarge shi ba. Bayan ya ci abinci na ce masa na amince zan bayar da laftof ɗin, amma malamata ta ba ni shawarar a canza ma'ajiyar a sa sabuwa, hakan ma zai fi wa Alhaji, za ta fi sauri wurin rubuta rasit. Ya ce wannan ai ɓata lokaci ne. Na ce to ya kira shi mana ya ji, in ya amince shi ke nan. Ya ɗauki waya ya kira, ya sa a sifika da kansa, ban roƙe shi ba. Suka gaisa, ya gaya masa abin da na ce. Alhaji Tijjani bai bari ya ƙarasa ba, ya ce:

"A'a, a'a, kada a taɓa komai. Yadda take ɗin nan nake son ta. In an cire na cikin ai ba ta da amfani a wurina."

Maigidana ya ce, "Ba rasit ka ce ba?"

Alhaji ya yi dariya ya ce rasit ɗin ma da sauran 'yan abubuwa, ai duk gida ne, in sun haɗu za su yi magana, ya dai gaida Hajiya, ranar Juma'a bayan an sauko zai biyo ya karɓa.

Da ya kashe wayar na zuba masa ido. Fuskarsa ta yi wani iri, ya kasa kallona, yana ta murza wayar a hannu. Wallahi har yanzu ban san me na gani ba, ko fuskar mutumin da ya gano amininsa ya yi wasa da hankalinsa ce, ko ta wanda asirinsa ya tonu a gaban matarsa. Tambayar da ya yi ta rasit ma na juya ta sau ba adadi, wani lokaci in ji ta fito daga zuciyarsa, wani lokaci in ce ai ya san ina zaune dole ya faɗi haka. Na jira ya ce wani abu, abin da ya ce kawai shi ne ya riga ya yi alkawari, shi kuma ba a san shi da magana biyu ba. Na ce ko da alkawarin a kan abin da ba nasa ba ne? Ya ce wato yanzu akwai nawa da nasa a tsakaninmu. Na ce ban faɗi haka ba. Ya ce to me nake nufi, in fito fili, ba na yarda da shi ne? Na tuna gargaɗin Inna na haɗiye maganata, ya tashi ya tafi masallaci. Ban gaya masa abin da matar Alhaji ta faɗa mini ba, domin ina tsoron in jefa baiwar Allah a matsala a gidanta, ita da ba ta nufe ni da komai ba sai alheri.

Jiya yini guda ba mu yi maganar ba. Na yi tunanin in mayar masa da tablet ɗin a kwalinsa in ce a mayar wa mai shi, kowa ya riƙe nasa, amma na san zai ɗauke ta a matsayin cin fuska, kuma ban ɓoye muku ba, na saba da abin, raina yana so. Na yi tunanin in sa a cire ma'ajiyar a ɓoye in miƙa gangar ranar Juma'a in yi kamar ban san komai ba, to amma Alhaji zai gane a ranar, zai kira mijina, ƙaryata ta zama biyu. Na yi tunanin in sa babban yayanmu ya shigo a matsayin mai magana da yawun magada, sai dai in ya shigo maganar ta tashi daga ta mata da miji ta zama ta gida biyu, kuma in ta tabbata mijina bai san komai ba, na kunyata shi a gaban surukansa a banza. Wani tunanin ma yana ce mini in Alhaji aikin yake so, me ya hana ya zo ta ƙofa, ya ce a dinga yi masa zane kamar kowane tela, ai da ban hana shi ba, da na fi kowa murna. Biyowa ta taga da ya yi ita ta sa na kasa sakin jiki da duk wanda ke cikin maganar.

Yau da safe da zai fita kasuwa ya tsaya a bakin ƙofa yana sa takalmi, bai juyo ba, ya tambaye ni wai tsawon wane lokaci na ɗauka ina kwafe takardun Baba. Na ce shekara huɗu. Ya maimaita, shekara huɗu, ya ce shi bai san ya kai haka ba, ya sa kai ya fita. Tun safe nake zaune da wannan tambaya, na kasa gane ko ta mai nadama ce ko ta ɗan kasuwar da ke auna darajar kaya.

Yau Laraba, jibi ne Juma'a. Ku da kuka san kwamfuta, don Allah ku gaya mini tsakani da Allah, akwai tablet ɗin da yake yin irin aikina wanda ni da malamata ba mu sani ba, har ya zama ina zargin bayin Allah a kan jahilcina? Ku kuma iyayena da yayyena na wannan gida, in fito in gaya wa mijina duk abin da na ji har da ƙaryar da na yi masa, in ga abin da zai yi, ko in kira yayanmu tun kafin Juma'a? Don Allah kada a zagar mini miji, uban 'ya'yana ne, kuma har yanzu ban tabbatar da laifinsa ba. Ku dai gaya mini, in Alhaji Tijjani ya yi sallama a ƙofar gida jibi, maigidana ya leƙo ya ce in miƙo, me zan ce masa?